Launin Gawa a Tumbin Buta

Ranar Laraba da hantsi Josina ta sauka lafiya, aka samu mace. Kai, ba ku ga yarinya ba! Gashi cike da kai baƙi wuluk, yatsu zara-zara irin na ubanta, ga wani ɗan rami a haɓa da har yau ba a gano daga wane dangi ta kwaso shi ba. Kafin rana ta take an riga an ɗaura leshi a ƙofar gida, an soke farar takarda a tsakiyarsa, duk wanda ya bi ta layin ya san mace aka haifa wa Reyer mai zane. Matan garin Haarlem kuwa ba sai an aika musu ba. Suka cika ɗaki maƙil, wannan ta ɗauka ta sunsuna, waccan ta karɓe ta ce ba a iya riƙon ba. Reyer ya kafa hular angon ƙarni yana dama kunun barka da sandar kirfa, rabi a tukunya rabi a ƙasa. Ranar Lahadi aka kai ta coci aka yi mata baftisma, aka sa mata Belitje, amma Beli kowa ke cewa. Da ruwan ya taɓa goshinta ta tsala wani ihu, sai da fasto ya ja da baya. Ga tsotso! In ta kama nono sai an ɓamɓare ta.

Kwana tara Josina ta yi a kwance, don Inna Hille, uwar Reyer, ba ta wasa da wannan. Rana ta goma, Juma'a ke nan, ta faki idon tsohuwar, ta naɗe Beli a mayafi, ta lallaɓa ta hau sama ɗakin aikin mijinta.

Shi Reyer ba ya zana mutane. Tebur yake zanawa da abin da ya jera a kai. Wannan karon wani mai gidan giya ne ya ba shi aiki, irin zanen nan da masu hali ke ratayawa a falo don ya riƙa tuna musu za su mutu. To ga su nan a jere: ƙoƙon kan mutum, kyandir da aka hure, agogon aljihu a buɗe, lemun tsami da aka fere rabi ɓawon na reto a bakin tebur, sai wata babbar butar kuza, farin ƙarfen nan, a tsakiya tana ta ƙyalli. Ƙoƙon kan nan tun Josina na amarya take ce masa Kawu.

"Beli, gai da Kawu," ta ce daga bakin ƙofa. "Shi kaɗai ne a gidan nan bai taɓa yi mini faɗa ba."

Reyer bai juyo ba. "Tsaya nan. Kar ki motsa."

"Au, ni ma na zama lemun tsami?"

"Kin shigo cikin butar. Ke da ita."

Ta miƙa wuya ta duba. Gaskiya kuwa. A tumbin butar ga ɗakin nan gaba ɗaya ya lanƙwashe: taga, Reyer da ƙaton hannu da ɗan mitsitsin kai, sai can baya a bakin ƙofa ga wata 'yar mace rungume da ƙunshi.

Mutanen gidan nan ba sa rubuta sunansu a jikin zane. Tun marigayi Sybrant, uban Reyer, haka suke yi, inuwarsu da ke tumbin butar ita ce sunan. Masu saye har gilashin ƙara girma suke zuwa da shi su nemo mai zanen, in sun gan shi su yi ta ƙyalƙyala dariya kamar yara. Kuma dokar gidan guda ce: abin da buta ta nuna shi ake zanawa, ba ƙari ba ragi.

Josina murna kamar ta yi tsalle. Kwana goma a duniya har 'yarta ta shiga zane! Ranar ta tsaya, washegari ma da Inna ta tafi kasuwar kifi ta sake hawa ta tsaya, har sai da ƙafafunta suka yi sanyi. Da ya ce ta matso ta gani, sai ta yamutsa fuska.

"Wannan kuma fa? Ka mai da mu toka-toka kamar yanzu aka tono mu."

"Launin gawa ne, kin sani sarai. Da shi ake farawa, har lemun ma haka na fara shi. In ya bushe, Litinin in sa muku na rai."

"Ku masu zane ba ku iya sa wa abu suna ba. Ka rasa abin da za ka shafa wa 'yar kwana goma sai launin gawa."

Ya yi dariya, ita ma ta yi.

Litinin ya cika alkawari. Ya kira ta, ya miƙa mata gilashin, ta duƙa. Fuskar Beli ba ta kai ƙwayar wake ba, amma ga ta nan jajir, har ɗan ramin haɓar ya sa. Josina ta sauko tana waƙa a matakala.

Da yammacin ranar Beli ta ƙi nono.

Ba kuka ta yi ba, da kukan ne ma da sauƙi. Kau da kai kawai ta yi, ta kwanta shiru, idanu a buɗe tana kallon rufin ɗaki. Josina ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta matsa mata a leɓe, madarar ta gangara ta gefen baki. Duk inda aka juya ta sai idon nan ya koma sama. Saman kuwa ɗakin aikin ne.

Da safiyar Talata Josina ta bar ta a kwandonta, ta hau don ta gaya wa Reyer a kira ungozoma. Ta same shi tsaye ya ƙura wa allon zanen ido. Ta ɗauki gilashin ba tare da ta tambaya ba. A zanen, nata kumatun na nan da jansu. Hancin Reyer na nan da jansa. Fuskar Beli ta koma toka.

"Allon ne ya shanye man fentin," ya ce. "Yakan faru."

"Ya shanye nata ya bar nawa da naka?"

"Wurin ne ƙarami. Yanzu zan sake."

Ya laƙato ja a tsinin buroshi ya ɗiga. Josina ta sauka, ba ta ƙara hawa ba.

Ungozoma ta zo ta duba harshe, ta duba cibiya, ta ce ita ba ta ga komai ba, a gwada ruwan sukari a tsumma. Aka gwada. Laraba ta wuce haka nan. Duk wadda ta taɓa jego ta san yadda nono ke yi in an ƙi shi, ya cika ya yi tauri kamar dutse, riga ta jiƙe, ki canza ta sake jiƙewa. Josina na zaune bakin murhu da yarinya a cinya, tana kallon jan nan na kumatu yana janyewa a hankali. Abin da ya fi ba ta tsoro, Beli ba ta yi kama da mai jin yunwa ba. Lokaci-lokaci ma sai ta ga bakin na motsi, maƙogwaron na haɗiya, alhali babu komai a ciki.

Alhamis da rana Inna Hille ta jera burodi da cuku da kifi a tebur, Reyer ya sauko hannu duk fenti, idanu jajir.

"Sannu da haƙuri, Maman Beli," ya ce yana jan kujera. "Jiya da yau kin tsaya ƙyam, ko tari ba ki yi ba. Amma ki rage tsayuwa da ita a bakin ƙofar nan tun safe, akwai iska, ga shi ba ta da lafiya. Sau huɗu ke nan ina sa launin yana nitsewa."

"Wace ƙofa?"

"Ta sama mana."

"Reyer, rabona da hawa sama tun safiyar Talata."

Ya yi murmushi yana jira ta fashe da dariya. Ba ta yi ba.

"Haba, yanzun nan fa. Sai da na ajiye buroshi na juyo na ga har kin riga ni sauka."

Wuƙar burodi ta suɓuce daga hannun Inna Hille.

"Hawa kika yi da ita?" Ta dubi Josina, sannan ta juya ga ɗanta. "Butar ka duba, ko bayanka?"

"Inna, ai duk ɗaya ne."

"Na ce butar ka duba, ko bayanka?"

"Butar," ya ce a hankali.

Tsohuwar ta kama hannun Josina ta ja ta ɗakinta, yarinya na kafaɗa. Ta tura akwatin zannuwa gefe, ta zaro wani allo naɗe da tsohon bargo, ta warware shi a bakin taga. Tebur ɗin nan ne dai. Kawu ne, haƙoransa sun fi na yanzu yawa. Butar ce. A tumbinta ga wani mai gemu da buroshi, can baya ga wata matashiyar mace a bakin ƙofa da ƙunshi a hannu. Ko ba gilashi Josina ta ga ɗigon tokar.

"Reyer ne wannan?"

"Wansa ne. Wouter. Sau bakwai ubansu ya sa masa launin rai." Inna ta shafa gefen allon. "Kwana goma sha tara ya yi."

Josina ta shiga lissafi da yatsu a bayan Beli, ta ƙirga ta sake ƙirgawa. Yau kwanan Beli sha shida.

"Shi ya sa Reyer bai taka saman nan ba sai da ya yi wayo," in ji Inna. "Ban san kin hau ba, 'yar nan. Da na sani da a matakala zan kwanta."

"Kuma kika bar butar a gida, Inna?"

"Kowace Asabar nake goge ta. Shekara talatin da huɗu." Ta ƙanƙance murya. "In ta gogu sosai, wani lokaci ina ganinsa. Bai girma ba."

Josina ta ɗora mata Beli a hannu. "Riƙe ta nan. Kome kika ji kar ki hau da ita."

Ta ɗauki bokitin yashin da ake barbaɗa wa daɓe, ta hau. Reyer ya bi ta a baya yana kiran sunanta, ya wuce ta ya tsaya gaban allonsa. Ita kuwa ta ajiye bokitin ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda ta tsaya ranar Juma'a, hannuwa a sake.

Rana ce tsaka, haske fari tas ta taga, ana jin masu kwale-kwale a kogi suna zagin juna. A tumbin butar ga ta nan a bakin ƙofa. Rungume da ƙunshi.

Ta ɗaga hannuwanta biyu sama, ta buɗe yatsu. Ta cikin butar ba ta ɗaga ba. Ta matso taku ɗaya, taku biyu, waccan tana nan inda take, kai a sunkuye, gaban riga a kwance. Sai da Josina ta kusa haɗa hanci da kuzar sannan ta gane abin da take yi. Nono take bayarwa. Ɗan kan nan mai launin toka yana ta motsi yana tsotsa.

"Ashe shi ya sa ba ta jin yunwa," ta ce. Muryar ta fito mata kamar ta wata.

Reyer ya dubi butar, ya dubi hannuwan matarsa, ya sake duban butar. Leɓunansa suka yi fari.

"Baban Beli, kai da ka san bakin kowa a teburin nan," ta ce. "Kawu cewa yake za ka mutu. Agogo ya ce lokaci ya tafi. Lemu ya ce kyau a ido, tsami a baki. Duk kai ka koya mini. To wancan mai ƙaton hannun da buroshi, shi me yake cewa?"

Ya daɗe yana kallon kansa a ciki.

"Cewa yake ina wurin, na gani."

"Ya gani ɗin. Kwana uku bai waiwaya ba."

Ta sungumi butar. Sanyinta ya wuce na ƙarfe, kuma ta yi nauyi kamar a cike take, alhali ko ɗigon ruwa babu. Ta durƙusa a ƙasa, ta tofa yawu a gefen zaninta, ta dumbuza yashi.

To duk 'yar da ta tashi a garin nan ta san ba a haɗa kuza da yashi. Toka mai laushi ake sa mata, da tsumma mai taushi, a bi ta a hankali. Matar da aka ga kuzarta a karce, har a bakin rijiya sai an yi da ita. Josina kuwa ta danna da ƙarfinta duka. Ƙarar ta cika ɗakin, ƙiiii, har haƙori na tsami. Ta fara da inda inuwar taga take. Da ta zo wajen ƙofar sai ta kau da kai gefe, ta rintse ido, ta ci gaba da dirza.

Daga ƙasan matakala aka ji muryar Inna Hille.

"Josina. 'Yar nan. Me kike yi?"

Ta ƙara dannawa.

"Na ji ƙarar. Ki bari in zo in duba sau ɗaya. Sau ɗaya tak, sai ki ƙarasa."

Hannun Josina ya tsaya. Hawaye suka zubo mata a kan yashin.

"Yi haƙuri, Inna," ta ce, ta ƙara dumbuzowa.

Sai da yatsunta suka fashe ta bari. Ta juya butar ta ko'ina a gaban taga. Dishi-dishi, kamar bayan jaki, ko hasken tagar ba ta mayarwa. Ta dangwara ta a mazauninta tsakanin Kawu da lemu.

"Ga butarka."

Ta tsaya ta kasa kunne. Ƙasa shiru. Ta juya ga allon, ɗigon tokar na nan a inda yake.

Reyer ya ɗauki 'yar wuƙar da yake kankare fenti da ita, ya kai ta kusa. Ya sauke.

"Ba zan iya sa wuƙa a fuskarta ba."

"Wa ya ce ka sa wuƙa? Dokar gidanku za ka bi. Dubi butar, me ta nuna?"

"Ba komai."

"To zana ba komai."

"In na rufe, har da ni zan rufe. Ba wanda zai san ni na yi shi. Wata uku ina kansa, Josina, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba."

"Kawu ya sani. Ni ma na sani. Ko so kake in juya maka kan da hannuna?"

Ya waiwayo ya dube ta sosai, rigar a jiƙe, yatsu na jini, gashi ya fito ta ƙarƙashin hula. Sai ya jawo fari da baƙi da ɗan ruwan ƙasa ya kwaɓa, yana duban butar yana gyara launin har ya yi daidai da ita. Da fuskarsa ya fara. Shafa ɗaya ta tafi. Ya bi taga, ya bi ƙaton hannun, ya bi ƙofar da matar da ke tsaye. Ɗigon nan ya bari ƙarshe. Ya ja numfashi ya ɗora buroshi.

Wayyo Allah, ihun da ya taso daga ƙasa! Ba irin na coci ba, wannan na masifa ne, na wadda aka yi wa laifi kwana uku kuma sai an biya ta. Josina ba ta san yadda ta sauko matakalar nan ba, takalmi ɗaya a sama ya zauna. Ta tarar da Beli ta yi jajir har kunne, tana harba ƙafa, tana neman cin wuyan rigar kakarta. Ta fizge ta, ta zube a ƙasa nan inda take. Yarinya ta cafka, zafi ya ratsa Josina har tafin ƙafa, ta saki ƙara tana dariya tana kuka. Aka sha, aka ƙware, aka yi tari, aka koma. Can aka yi wata gyatsa da ta fi ƙarfin mai ita, aka mayar da rabi a kan farin zanin Inna, sannan aka jiƙa ƙunzugu sharkaf, karo na farko tun Talata.

Inna Hille ta zauna a bakin gado tana goge zanin, ba ta dubi kowa ba. Josina ta miƙa hannu ta kamo yatsunta ta riƙe. Tsohuwar ba ta janye ba.

Da Reyer ya sauko ya durƙusa a gabansu, ya ƙura wa 'yarsa ido, ya taɓa kumatun da bayan yatsa kamar mai duba ko ya bushe.

"Akwai abin da ya kamata ki sani," ya ce. "Fenti yana tsufa. In ya daɗe yakan yi shara-shara, abin da ke ƙasa ya fara leƙowa. Na sha gani a zanen mutanen da. Na rufe ne kawai, Josina. Tana nan a ƙarƙashin fentin."

Josina ta ɗago kai daga kallon Beli.

"Shekara nawa?"

"Arba'in. Hamsin in na ƙara shafi."

Josina ta dubi ɗan kan da ke ƙirjinta, ta ƙiyasta. Hamsin. Mace da furfura, da jikoki, da haƙora uku a baki, tana tsaye a ƙofar gida tana yi wa surukarta faɗa a kan shara.

"To zaman me kake yi a nan?" ta ce, tana mai da yarinyar ɗaya gefen. "Koma ka ƙara uku. Kuma in za ka sauko ka taho mini da takalmina."